Ƙwaryar Gefen Turmi

Abu biyu nake jin kuna faɗa a gidan nan, kuma duka biyun ba haka suke ba. Na farko, wai Baffanku Isyaku mafarki ya yi aka nuna masa maganin aikinsa. Na biyu, wai Inna, kakarku ta wajen uba, ba ta ƙaunata, shi ya sa har ta koma ga Allah ba ta ba ni ajiyar iri ba. Na daɗe ina jinku ina yin shiru, don maganar ba ta da daɗin faɗa a bakina. Yanzu waɗanda suka gani da idonsu duk sun tafi, saura ni. To ga yadda aka yi.

Daminar da ta biyo bayan babban fari ce, ina da shekara uku a gidan babanku a Toranke. Daga Kademi aka kawo ni, shi ya sa Inna ba ta kirana da sunana, sai dai ta ce Ta Kademi, kuma in ta faɗa har cikin raina nake jin daɗi. A shekarar nan babu abin da ya kai iri daraja. Inna tana da wani irin gero mai saurin nuna, ɗan ja-ja haka, wanda yayanta ya ba ta lokacin da ya bar kiwo ya zauna noma. Shi kaɗai ya yi kai a gonarmu da farin ya zo. Abin da ta iya ragewa bai fi tafi biyar ba, tana ɓoyonsa kamar jariri. Da aka yi ruwan farko ta sussuke shi ta sheƙe, za a shuka washegari. Tana cikin haka aka aiko da gudu, maƙwabciya na naƙuda, ita kuwa Inna ita ce ungozomar unguwa. Sai ta juye irin a ƙwaryar da ta fi kusa da hannunta, ta fice ko mayafi ba ta gyara ba. Ƙwaryar nan kuwa ita ce ta gefen turmi, wadda kullum nake ajiye hatsi a ciki kafin in surfa. Ni a wurina ba ta taɓa zama da komai. Na fito da geron tuwo, ina tsaye ina hira da matar maƙwabcinmu ta saman danga, kun san bakina, na juye shi a ciki ko leƙawa ban yi ba. Na surfa, na wanke, na daka. Sai da nake tankaɗe na ga garin ya fi abin da na auna, kuma akwai ja-ja a cikin tsakin. Nan na gane irin Inna ne na daka, amma tuwo ya riga ya hau wuta. Duk gidan muka ci, har babanku yana cewa tuwon yau ya yi daɗi.

Washegari Inna ta dawo a gajiye ta hau neman iri. Ta ɗaga wannan ta ɗaga wancan, ta kasa tuna ƙwaryar da ta zuba. Babanku ya ce ko kaji ne, amma wata baƙuwa da ta shigo ta ce, “Ayya, tsufa ne ya fara taɓa Inna.” Maganar nan ta zaga unguwa. Aka ari irin maƙwabta aka shuka. Inna kuma ta yi sanyi, ta daina musu da kowa, in ta ajiye abu sai ta kira ni in zama shaida. Ni da na ci mata iri, ni ce shaidarta. Kullum ina cewa gobe zan faɗa, goben ba ta zuwa.

Ana cikin noman farko sai ga Isyaku. Shi ne ƙanin babanku, autan Inna, kuma shi kaɗai ne a zuriyarmu ya yi boko mai zurfi. A jami'a yake aiki da wata na'ura, wadda yanzu kuke ce wa kwamfuta, sai dai tasu ya ce ta cika ɗaki guda. Motar Gaya ta sauke shi, daga can aka goyo shi a keke, da akwatin kwali biyu ɗaure a baya. Na ɗauka tsaraba ce. Ina buɗewa sai na ga katuttuka jere, kowanne duk huji.

Na ce, “Kai ɗan boko, wannan ce tsarabar matarka? Takardun da gara ta ci?”

Ya ce, “Uwargida, garar nan wata tara ta yi tana ci, kuma ni ce garar.”

Ya yi dariya, amma dariyar ba ta kai ido ba. Da la'asar ya faɗa wa babanku abin da ya kawo shi, ina jiyo su daga madafa. Ya ƙera wani abu don na'urar, aka tara manya don ya nuna, sai ta ba da amsar banza a gaban kowa. Babbansu ya ce ya tafi gida, an ba shi zuwa ƙarshen damina. In ya gano inda ɓarnar take, ya dawo ya ci gaba. In bai gano ba, za a rufe aikin a ba wani kujerarsa. Babanku mutum ne mai gajeriyar magana. Ya ce gona tana nan, fartanya tana nan, in can sun ƙi shi nan ba a ƙi shi ba. Ni kuwa na san hannun nan na Isyaku ba na fartanya ba ne, kuma na san in ya zauna, zama zai yi kamar kazar da ruwa ya daka har ƙarshen ransa.

Tunda babu na'ura a Toranke, sai ya mai da tsakar gidana na'ura. Ya kwashe mini ƙore da ƙoƙuna, ya jera su a inuwar darbejiya, ya samo tsakuwa da wake da gyaɗa. Kullum bayan azahar sai ya shimfiɗa doguwar takardarsa, yana karantawa da ƙarfi yana matsar da tsakuwa daga wannan ƙoƙo zuwa wancan. Ni kuma ina gefe ina kaɗi ko tsinkar zogale, kunnena yana wurinsa. Ban iya zama kusa da magana ban tsoma baki ba, don haka na dame shi da tambaya har ya gaji ya yi mini bayani. Ya ce na'urar tana da harshen da ake yi mata magana, kuma a takarda duk cikin baka yake, alamar nan mai lanƙwasa kamar bakan maharbi, baka cikin baka, kamar yadda nake jera ƙore wata cikin wata. Ya ce kyawun harshen shi ne kowane aiki kamar aika surfe gidan maƙwabta ne. Ki ba da gero, a dawo miki da surfaffe, babu wanda ya shigo miki ɗaki balle ya taɓa miki kaya. Aibinsa kuma tsawo. Abu kaɗan sai ka huda kati tuli, kana maimaita magana ɗaya. Shi abin da ya ƙera, hanya ce ta ƙara wa harshen sababbin kalmomi gajeru. Ka rubuta kalma ɗaya, kafin na'urar ta fara aiki sai a warware ta, ta koma doguwar maganar nan da na'urar ta saba ji.

Na ce, “Au, wannan ne bokon? Ai Inna ta riga ka. In ta ce a yi wa baƙo, kalma nawa ce? Amma kafin in tashi daga zaune na riga na warware ta a kaina. Tabarma, ruwa, fura, a kama zakara in baƙon na nesa ne.”

Ya ajiye takardar ya dube ni. Ya ce, “Wallahi shi ne. Na yi wata uku ina yi wa masu digiri bayani ba su kama da wuri haka ba.”

Na ce, “To ka kai ni can a ba ni kujerar, kai ka zauna ka yi tuwo.”

Abin da ya hana shi sukuni shi ne, a tsakar gida lissafin daidai yake fitowa. Ya bi aikin nan da ya kunyata shi ya fi sau nawa, da tsakuwa da wake, kullum amsa mai kyau. Amma na'urar ta ce ba haka ba. Ya rame, ya daina tsokanata. Gero ya fitar da kai, dawa ta yi ciki, kwanakinsa suna ƙarewa. Ni kuwa tun cikin sati na biyu kunnena ya kama wani abu. Akwai wata kalmarsa gajera da in an warware ta, a cikin maganar akwai inda ake cewa a ɗan ajiye abu a gefe kafin a ɗauko wani. Duk sanda ya zo wurin, bakinsa yana cewa “a sa a ajiya”, hannunsa kuma sai ya miƙa ya ɗauko sabon ƙoƙo daga cikin tulin. Alhali tun a farkon takardar na ji ya ce “a sa a ajiya”, ya zuba gyaɗa a wani ƙoƙon daban. Suna ɗaya a baki, ƙoƙo biyu a ƙasa. Tun ranar da na lura na san ciwon, don ciwona ne. Kuma shi ya sa na kasa faɗa. Duk sanda na buɗe baki sai in ga ƙwaryar gefen turmi a gabana, in haɗiye.

Ranar wata Laraba ya ce ya haƙura. Babanku ya dawo daga gona yana zaune a kan turmin da aka kife yana wanke ƙafa, Inna tana bakin ƙofarta tana ɓarar gyaɗa. Isyaku ya fara tattara mini ƙoƙunana. Ya ce da Inna katuttukan nan ta riƙa hura wuta da su, suna kamawa da kyau.

Na ce, “Tsaya. Karanta mini sau ɗaya, ni zan zama na'urar. Abin da bakinka ya faɗa shi zan yi, ba abin da zuciyarka take nufi ba.”

Ya ce, “Uwargida, ki bar ni da abin da ya dame ni.”

Na ce, “Tuwona ka ci wata biyu. Karanta.”

Ya karanta, don dai ya rabu da ni. Da ya ce a sa a ajiya, na zuba gyaɗa a ƙoƙo. Muka yi ta tafiya. Da aka zo cikin gajeriyar kalmarsa ya sake cewa a sa a ajiya, sai na ɗebi tsakuwa na juye a kan gyaɗar nan, ta rufe ta ruf.

Ya ce, “A'a, ba nan ba. Ɗauko wani ƙoƙon.”

Na ce, “Ajiya ka ce. Ajiya ɗaya na sani.”

Ya ce, “Waccan ta mai aikin ce, wanda ya rubuta gwajin, wannan ta kalmata ce. Ai na faɗa miki, a harshen nan wani ba ya taɓa kayan wani.”

Na ce, “Wannan in an aika surfe maƙwabta ke nan. Kalmarka ba maƙwabta take zuwa ba. Kai ka ce warware ta ake yi a cikin maganar mai aikin. Ashe cikin gidan mutane take shiga ta yi dakanta.”

Na ga maganar ta taɓa shi, amma gajiya da girman kai suka rinjaye shi. Ya kaɗa hannu ya ci gaba da naɗe takardarsa.

Ya ce, “Ko ta shiga, ƙwaryar da ta saba ajiya a ciki ce. Wane mai hankali ne zai juye abu a kan kayan mutane bai sani ba? Ba a yin haka.”

Nan ne wurin. Da na yi shiru, da ya naɗe takardarsa, da yanzu ba ku da Baffan da kuke alfahari da shi, ni kuma da asirina yana rufe har kabari. Na dubi Inna, tana ɓarar gyaɗarta a hankali, tana ƙirga ƙorenta da ido kamar yadda ta koma yi tun ranar nan. Ni da ba a raba ni da magana, sai da na nemo ta da ƙyar.

Na ce, “Ana yi. Ni na yi. Inna, irinki ba ɓata ya yi ba, kuma ba mantuwa kika yi ba. A ƙwaryar gefen turmi kika zuba. Ni na juye geron tuwo a kai ina hira, na daka, muka cinye. Tun a ranar na sani.”

Babanku ya tsaya da buta a hannu, ruwa yana zuba a ƙasa. Inna ta ajiye gyaɗar. Ba ta yi ihu ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi.

Ta ce, “Wata uku ina zaton kaina ya taɓu. Ina kiranki ki zama shaidata.”

Na durƙusa, na kasa ɗaga ido. Shi kuwa Isyaku, Allah ya jiƙansa, ko a jikinsa. Ya warware takardar a ƙasa yana bin ta da yatsa. Can sai ya buga cinya ya ce ga shi nan. Mutumin da ya rubuta aikin gwajin ya sa wa wurin ajiyarsa suna iri ɗaya da wanda shi ya sa a cikin kalmarsa. Duk sauran gwaje-gwajen babu wanda ya yi amfani da sunan, shi ya sa suka wuce lafiya. Shi kuma a tsakar gida hannunsa yana gyara masa kuskuren bai sani ba. Ya tashi ya zaga darbejiya, ya dawo ya zauna, sai murnar ta ragu. Ya ce to in ya canza sunan, gobe wani zai zo da sabon sunan, a koma gidan jiya. Ba zai iya hana mutane sa wa kayansu sunan da suka ga dama ba.

Inna ce ta amsa masa, ba ta ko dubi inda nake ba.

Ta ce, “Kai Auta, a rugarmu in mace za ta je taya aiki, da ƙwaryarta take tafiya, da zanen da aka ƙona mata wanda babu mai irinsa. Ba ta taɓa ta masu gida, komai kusancinta da hannu. In ta gama ta ɗauke abarta.”

Ya ce, “Inna, sake faɗa.”

Ta ce, “Ba zan sake ba. Ni ba tsufa ya kama ni ba, kai ma kurumta ba ta kama ka ba.”

Abin da ya yi ke nan. Ya gyara abinsa yadda duk lokacin da za a warware gajeriyar kalma, sai na'urar ta fafe mata sabon wurin ajiya, ta ƙona masa alamar da ba a taɓa ba kowa ba, kuma babu mai iya rubuta irinta da hannu. Kwana huɗu ya yi yana rubutu a kan tabarma, ni ina zama masa na'ura, ina yin abin da ya faɗa kawai ko da na ga wauta ne. Sau biyu na sake kama shi. Ranar Litinin aka goya shi zuwa Gaya ya hau mota.

Ni kuma na zauna da abin da na jawo. Babanku ya yi sati ba ya ce mini komai sai abin da ya zama dole. Abin da ya fi ci masa rai ba irin ba ne, shirun ne. Inna ta sa aka kira baƙuwar nan da ta ce tsufa ne, ta zaunar da ita, ta sa na maimaita maganar a gabanta, kuma ban ga laifinta ba. Matan unguwa suka samu abin tsokana, in na wuce rijiya sai a ce a ɓoye iri ga mai tuwo nan. Duk wannan mai sauƙi ne. Mai wuyar shi ne Inna ta daina ce mini Ta Kademi. Sai dai ta ce “ke”. Ta ɗauke ajiyar iri ta mayar ɗakinta, daga baya ta damƙa wa Gwaggonku. Amma ku lura da wannan, tun daga ranar Larabar nan ta miƙe. Muryarta ta dawo, ta koma musu da kowa har da mai unguwa, ba ta sake kiran wani ya zama mata shaida ba. Ko wannan kaɗai aka samu, ban yi asara ba.

Bayan an gama yankan dawa sai ga keke a ƙofar gida, Isyaku yana ta buga ƙararrawa tun daga bakin hanya kamar mai tallan magani. Ya shigo ko sallama bai ƙarasa ba, ya warware wata doguwar takarda tun daga zaure har gindin turmi, yara suna bin ta suna tsalle. Ya ce an sake tara manyan nan, an sa aikin da ya kunyata shi, ya fito daidai. Babbansu bai yarda ba, ya zauna da kansa ya rubuta wani aikin da gangan, ya cika shi da sunayen da ya san suna cikin kalmomin Isyaku, don ya kama shi. Na'urar ta ba da amsa daidai. Katin da a da yake cika akwati biyu, yanzu a hannu ɗaya yake riƙe shi. An mayar masa da kujerarsa, har an ce ya koya wa wasu. Ya jawo hannun rigata ya nuna mini wani wuri a takardar. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, amma na haɗa baƙaƙen. A cikin bakan nan nasu, tsakiyar maganar Turawa, ga kalmar ƙwarya, sai dai babu lanƙwasa a kan harafin farko don na'urar ba ta da shi. Ya ce sunan da ya sa wa abin da ke fafe sabuwar ajiya ke nan, kuma duk wanda zai yi aiki da shi dole ya koyi faɗarsa. Na yi guɗa har sai da maƙwabta suka leƙo ta danga suna tambayar wa ya haihu. Babanku yana murmushi yana cewa a kama zakara.

Ina cikin figar zakaran nan sai na ji daga bayana an ce, “Ta Kademi.”

Na juyo da gashin kaza a hannu. Inna ce, riƙe da sabuwar ƙwarya, ta sa an fafe an ƙona mata zane a baki, layi uku da ɗigo a tsakiya.

Ta ce, “Wannan taki ce, babu mai irinta. Iri kam ba zan ba ki ba, bakinki ya fi idonki sauri. Amma wadda ta iya tona kanta don ɗana, ba zan ce mata ke ba.”

Ita ce ƙwaryar nan da take rataye a ɗakina, wadda kuke cewa in yar don ta tsage an ɗinke. Ba mafarki ba ne, kuma ba ƙiyayya ba ce. In kuma kun ga ina leƙa cikin kwano kafin in juye abu, ko da yanzu na wanke shi da hannuna, kada wanda ya ce tsufa ne.